Gonar Dodanni Ta Ƙi Aiki: A Rushe A Kwafa, Ko A Tsaya A Bincika?

Daga cikin wasannin kwamfuta da suka game duniya a wannan zamani, kaɗan ne ƙwarai suka kama ƙafar Minecraft wajen karɓuwa, domin tun daga shekarar 2009, sa'ad da wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ya fara fitar da shi ga jama'a, har zuwa 2023, sa'ad da masu shi suka ba da sanarwar cewa an sayar da fiye da kwafi miliyan 300, bai gushe ba yana jan yara da manya. Ya kuma isa shaida a kan darajarsa cewa a 2014 kamfanin Microsoft ya sayi Mojang, kamfanin da ke yin sa, a kan dala biliyan 2.5. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan wata duniya ce da aka gina ta kaf da bulo, ƙasa da dutse da itace duk bulo ne, mai wasa ya haƙa, ya ɗauka, ya gina abin da ya ga dama. Yini da dare gaba ɗaya minti 20 ne, kuma da zarar duhu ya shiga sai dodanni su fara ɓullowa: ga zombi, gawar nan mai tafiya, ga ƙwarangwal mai harbi da baka, ga gizo-gizo mai hawa bango, ga kuma kirifa, wanda yakan lallaɓo ba motsi, ya yi huci, ya fashe da mutum da gininsa.

To, waɗannan dodanni, duk da sharrin da ke tare da su, kowannensu yana da abin da yake bari in ya mutu: ƙwarangwal yakan bar kibiya da ƙashi, ƙashin kuwa a niƙa shi ya zama takin shuka, gizo-gizo yakan bar zare, kirifa yakan bar albarushi, wanda da shi ake haɗa nakiya. Da ma'abota wasan suka lura da haka, sai suka ga babu dalilin da zai sa mutum ya riƙa bin dodanni ɗaya-ɗaya cikin dare da takobi yana sayar da ransa, alhali yana iya gina musu wurin da za su ɓullo da kansu, su mutu da kansu, kayansu su taru a akwati. Wannan gini shi ne gonar dodanni. Wadda aka fi sani ɗaki ne rufaffe ruf, ba ƙofa ba taga, mai dandamali 4, tsakaninsu magudanan ruwa 4, kowace tsawonta bulo 8, domin iyakar gudun ruwa ke nan a wasan, dukkansu kuma suna haɗuwa a bakin wani rami da ke tsakiya. A gefen magudanan akan maƙala ƙananan ƙyamare a bar su a buɗe, saboda dodo yana ɗaukar buɗaɗɗen ƙyaure ƙasa ce mai ɗaukar ƙafa, sai ya taka, ya zurma cikin ruwa, ruwa ya kai shi rami. In zurfin ramin bulo 22 ne, dodon yakan iso ƙasa da sauran numfashi kaɗan, mai wasa ya ƙarasa shi da bugu ɗaya ya sami makin ƙwarewa. In ya zarce haka, faɗuwar kaɗai ta isa ta kashe shi, mazurarai da ke shimfiɗe a ƙasa su tsotse kayan su zuba a akwati.

Mas'alar da ke gabanmu ita ce abin da ya kamata mutum ya yi idan ya gama wannan aiki duka, ya ɗebo dutse, ya hau ya sauka, ya rufe rufi, ya koma gefe ya jira, sa'an nan ya buɗe akwati ya tarar da ƙashi 2 da guntun ruɓaɓɓen nama, ko ma ya tarar da shi wayam. A nan ne ma'abota wasan suka rabu gida biyu. Kashi na farko suka ce magani shi ne a nemo tsarin wani gwani wanda aka jarraba aka amince da shi, a bi shi sau da ƙafa, ko da ya kai ga rushe abin da aka gina. Kashi na biyu suka ce a'a, kada a taɓa ko bulo guda sai an gano illar da ta hana gonar aiki. In da a zauren karatu ne, da sai a ce na farko masu taƙlidi ne, na biyu masu ijtihadi. Kuma ko da yake zancen wasa ne, hujjojin kowane ɓangare sun cancanci a saurare su a tsanake.

Masu taƙlidi suka ce, da farko dai a sani cewa tsare-tsaren nan da ake gani a bidiyo ba da ka aka yi su ba. Akwai mutanen da suka mai da wasan fannin ilmi, suka tona ƙa'idojinsa har ƙasa, suka gina gona iri-iri suka bar ta tana aiki suna ƙirga abin da take fitarwa a sa'a, sa'an nan suka tace suka fitar da wadda ta fi. To, wanda ya fara wasa jiya, wane ilmi gare shi da zai yi gyara a kan aikin waɗannan? Suka ce kuma, in aka bi diddigin gonakin da suka ƙi, sau da yawa za a tarar mai ginin ne ya saɓa wa tsari, ko da gangan ko da mantuwa. Wani ya shimfiɗa dandamalinsa da gilashi don ƙawa, bai san dodo ba ya ɓullowa a kan gilashi ba. Wani ya yi tsimin dutse ya shimfiɗa rabin bulo irin na ƙasa, wanda hukuncinsa ɗaya da gilashi. Wani ya manta fitila guda a lungu tun yana gini, fitila kuwa haskenta daraja 14 ne, yana raguwa da daraja 1 a kowane bulo, don haka guda ɗaya tak ta isa ta haramta wa dodanni mafi yawan ɗakin. Wani ya ja magudanarsa ta kai bulo 9, ruwa ya tsaya kafin bakin rami, dodanni suka taru a nan suna kallon juna. Duk waɗannan, in ji su, ba bincike suke bukata ba, biyayya suke bukata. Suka ƙara da cewa wasa don hutawa aka yi shi, kuma ɗalibin da ya sami sa'a guda bayan aikin makaranta bai buɗe shi don ya zauna lissafin nisa da darajar haske ba. In sake gini zai ci masa yamma ɗaya, bincike kuwa ya ci masa mako, wanda ya ce masa ya zaɓi makon bai yi masa adalci ba.

Amma hujjarsu mafi ƙarfi a wurina ita ce ta kejin dodanni. A cikin ƙasa akan ci karo da wani ɗan ɗaki na dutse mai gansakuka, a tsakiyarsa wani baƙin keji, da 'yar siffar dodo tana juyawa a ciki. Wannan keji yana haifar da dodo iri guda, ko zombi, ko ƙwarangwal, ko gizo-gizo, kuma sharuɗɗansa ƙididdigaggu ne: ba ya motsi sai mai wasa yana cikin nisan bulo 16 daga gare shi, yakan fitar da dodo har 4 a lokaci guda, bayan kowane sakan 10 zuwa 40, ba ya ajiye su nesa da bulo 4 ta kowace fuska, in kuwa irinsu 6 suka taru kusa da shi, sai ya dakata har a kwashe su. Ka ga duk sharuɗɗan nan a ɗaki ɗaya suke, ido yana ganinsu, hannu yana kaiwa gare su. Wanda ya kwafi tsarin gonar keji daidai, ya haƙa ɗakin yadda aka ce, ya kashe haske, ya sa ruwa ya janye dodannin da sauri, ya tsaya kusa, to, gonarsa za ta yi aiki ko ya fahimci dalili ko bai fahimta ba. A wannan babi taƙlidi ya wadatar, kuma ban ga abin da mai bincike zai ƙara ba.

Masu ijtihadi ba su musa ko ɗaya daga wannan ba, sai dai suka ce an ɗauki hukuncin keji an ɗora wa abin da ba keji ba, ƙiyasin kuwa bai inganta ba, domin illar ba ɗaya ba ce. Ga bayaninsu. A nau'in wasan da ake kira Java an ƙayyade cewa dodannin da ke raye a kewayen mai wasa guda ba za su wuce 70 ba. Da zarar adadin ya cika an rufe ƙofa, ba wanda zai sake ɓullowa sai wani ya mutu ko ya ɓace. Kewayen nan kuwa ba ɗakin da ka gina ba ne, duk abin da ke cikin nisan bulo 128 ne daga inda kake tsaye, gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. Ƙarƙashin ƙafarka ƙasa a huhhuje take da kogwanni waɗanda rana ba ta taɓa leƙa su ba, kuma wasan bai san wani bambanci tsakanin duhun da ka gina da guminka da duhun da ya tarar a kogo ba. Duk inda sharaɗi ya cika, nan yake ajiye dodo. In faɗin kogwannin ya ninka na ɗakinka sau da yawa, kuma galibi haka ne, to, mafi yawan 70 ɗin nan can za su tare, ba mai kashe su, kai kuwa sai ɗan abin da ya ragu. Misalin mai wannan gona kamar mai lambu ne a ƙarshen magudana wanda na sama da shi suka tare ruwa: ko ya kwana yana gyaran fangalinsa ruwa ba zai zo ba, domin cutar ba a lambunsa take ba. Suka ce, to, wane bidiyo ne zai nuna maka kogwannin da ke ƙarƙashin taka gonar? Mai bidiyon a duniyarsa ya yi gini, sau da yawa ma a shimfiɗaɗɗiyar duniyar gwaji wadda ba kogo ko ɗaya a cikinta, don haka adadin da ya faɗa ya tabbata a wurinsa, ya ƙi tabbata a wurinka, ba tare da ya yi maka ƙarya ba. Wanda ya rushe gininsa ya sake shi a wuri guda, sakamako guda zai sake samu.

Hujjarsu ta biyu ita ce wurin tsayawa, abin da mai koyo ba ya lissafa shi cikin gini sam. Na taɓa zama kusa da wasu 'yan'uwa biyu, ƙaramin ya gina gonarsa a waya, ya rushe ya sake, har ya fara zargin wayar. Wansa ya karɓa, ya duba ginin sama da ƙasa bai ga aibi ba, sai ya ce, "Kai, auta, in ka gama rufewa ina kake zama?" Ya ce, "A kan rufin mana, Yaya, don in ji motsinsu in sun fito." Wan ya yi dariya ya ce, "To ai kai ne ka hana su. Sauka ka ba su wuri." Dalili kuwa shi ne, wasan ba ya ajiye dodo a cikin nisan bulo 24 daga mai wasa, don kada a ɓullo wa mutum a ƙeya, yaron nan da ke zaune a kan rufi ya shigar da ɗakin duka cikin wannan haddi, da ya sauka ya ja baya kuwa, kafin a jima sai ga ƙasusuwa a akwati.

Bayan wannan haddi na kusa akwai na nesa. A Java, dodon da ya yi nisan fiye da bulo 32 daga mai wasa yakan daina yawo bayan ɗan lokaci kaɗan, ya tsaya cik, kuma daga nan yana iya ɓacewa a kowane lokaci. Saboda haka gonar da ta dogara ga dodo ya tako da ƙafarsa ya faɗa ruwa tana bukatar mai ita ya tsaya tsakanin 24 da 32, tazarar bulo 8 kacal, in ba haka ba sai a ga ɗaki cike da dodanni, rami kuwa shiru. Mai tsari yakan nuna wuri ya ce a tsaya nan. Amma wanda bai san abin da ya sa aka zaɓi wurin ba, ranar da ya ƙara hawa ɗaya a kan ɗakin, ba zai san cewa wurin tsayawa ya tashi ba.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi burge ni, domin ta yi kama da abin da malamai ke kira nasikhi da mansukhi. Ƙa'idojin wasan nan ba tsayayyu ba ne; Mojang yana sabunta shi a kai a kai, hukuncin bana ya shafe na bara. Shekara da shekaru dodanni suna ɓullowa a duk inda haske bai wuce daraja 7 ba, har zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 da aka fitar da bugu na 1.18, aka mai da sharaɗin ya zama sai inda hasken fitila ya kai sifiri. Wannan ya sauƙaƙa haskaka kogo, gaskiya ne, amma ya sa ɗan hasken da a da ba ya cutar da gona, irin wanda ke silalowa daga fitilar da aka kafa a kusa, yanzu ya isa ya kashe dandamali. A wannan bugun dai aka zurfafa ƙasan duniya daga 0 zuwa 64 ƙarƙashin sifiri, aka ɗaga samanta zuwa 320, aka kuma buɗe manya-manyan kogwanni, wato aka ƙara wa gonar abokan rabo. Kafin wannan, a Afrilu na 2019, bugu na 1.14 ya sauya yadda ake lissafin ƙauye, daga ƙirga ƙofofi zuwa ƙirga gadaje, sai gonakin ƙarfe, waɗanda suka dogara ga ƙaton ƙarfen nan mai gadin ƙauye, suka mutu dare ɗaya bayan wahalar da aka sha wajen gina su. To, bidiyon da aka ɗauka kafin waɗannan canje-canje yana nan har yau, bai san an shafe hukuncinsa ba, kuma mai taƙlidin da bai tambayi tarihin riwaya ba zai bi shi da cikakkiyar biyayya ya gina abin da zamaninsa ya wuce.

Haka nan kuma wasan kansa nau'i biyu ne, suna ɗaya, kama ɗaya, hukunci daban. Java a kwamfuta kaɗai ake yin sa. Na waya da na akwatunan wasa kuwa shi ake kira Bedrock. Da yawa daga gwanayen da ke fitar da tsari a Java suke aiki, alhali da yawa daga samarinmu a waya suka san wasan. A Bedrock lissafin dodannin sarari daban ne da na kogo, kuma in an bar nisan da wasan ke rayarwa a mafi ƙarancinsa, dodanni ba sa ɓullowa sai tsakanin bulo 24 da 44. Saboda haka mai waya da ya ji gwanin Java ya ce a hau bulo 120 bisa gona a jira, ya hau ya jira, zai kwana can ba ƙashi ko ɗaya. Akwai ma abin da ido ba ya gani sam: a Java, in wasan zai gwada ajiye dodo, yakan jefa ƙuri'ar tsawo tsakanin ƙasan duniya da bulon da ya fi kowane bisa a wannan wuri, ma'ana gwargwadon tsawon gini, gwargwadon ƙarancin rabon dandamali, har wanda ya ɗora hasumiya a kan gonarsa don ado ya rage mata amfani bai sani ba. In kuwa a saba ake wasa, wato duniyar tarayya da mutane da yawa ke shiga, mai sabar yana iya rage adadin dodanni don na'urarsa ta huta. Wannan ba tsarin da zai gaya maka, sai ka tambaye shi.

Sai dai fa masu taƙlidi ba su rasa martani ba, martanin nasu kuwa mai zafi ne. Suka ce, mun ji, amma ku dubi halin mafi yawan masu da'awar bincike: mutum ya tsinci rabin ƙa'ida a nan, rabi a can, wata ta Java wata ta Bedrock, wata ta kafin 2021 wata ta bayanta, ya haɗa su ya kira shi ilmi, sa'an nan ya shiga gonarsa ya ɗaga rufi, ya ƙara ruwa, ya cire ƙyamare, ya matsar da wurin tsayawa, duk a zama ɗaya, in ta gyaru bai san wanne ya gyara ta ba, in ta ƙara lalacewa bai san wanne zai mayar ba. Wannan kame-kame ne, in ji su, kuma ijtihadi yana da sharuɗɗan da ba kowa ya cika su ba. Suka ce kuma, ku da kanku ba ku yi ittifaƙi a kan magani ba. Wasunku sun ce a bi kogwanni da fitila ɗaya bayan ɗaya, alhali faɗin wurin bulo 256 ne daga gefe zuwa gefe, kuma akwai kogon da ba shi da ƙofa, sai dai a ji gurnani ta bayan dutse. Wasu sun ce a tafi tsakiyar teku, a tsaya can ƙoli yadda kogwanni za su faɗa wajen 128, ko da yake tun 2018 teku ma ta sami nata dodanni, nutsattsun nan da wasunsu ke jifa da mashi, waɗanda ke cin rabonsu a cikin 70. Wasu kuma, masu dogon buri, sun ce a sa nakiya a share ƙasar duka har a kai ga dutsen da ba ya fasuwa. Wanne mai koyo zai bi?

Zargin kame-kame na yarda da shi, domin gaskiya ne, amma mugun bincike ya kama, bai kama bincike ba. Saɓanin magani kuwa ban ɗauke shi aibi ba, tun da dukkan ukun sun haɗu a kan illa guda, wato duhun da ke wajen gona, abin da suka saɓa a kai shi ne wahalar da mutum zai iya ɗauka. Abin da ya fi karya hujjar lokaci a wurina shi ne, binciken da ake bukata bai kai mako ba, bai ma kai yamma ɗaya ba, domin gonar gaɓoɓi uku gare ta, ɓullowa da tafiya da tarawa, kuma kowace in ta lalace alamarta daban. Mutum ya tsaya a wurin jiransa na 'yan mintoci, sa'an nan ya ruga ya fasa bulo guda a bango ya leƙa. In ya ga ɗakin cike, ɓullowa lafiya take, cutar a tafiya take: ko ya yi nisa dodanni sun daina yawo, ko ƙyamaren a rufe suke, ko gizo-gizo, da yake mai faɗi ne kuma yana hawa bango, ya maƙale a wuyan rami ya toshe hanya. In dodanni suna faɗowa amma akwati wayam, sai ya duba ko bakin mazurari yana kallon akwatin, ko akwatin ya cika gurabensa 27, ya kuma tuna cewa mazurari abu 5 yake wucewa da shi a sakan 2, kayan da ya yi minti 5 a ƙasa kuwa ɓacewa yake yi.

In kuwa ya leƙa ya ga ɗakin wayam, a nan ne hankali ke aiki. Ya fara tabbatar da cewa wasan ba a matakin lumana yake ba, wanda babu dodo a cikinsa sam, kuma ba a tsibirin naman kaza ya yi ginin ba, inda dodanni ba sa ɓullowa ko da dare. Mai Java ya danna maɓallin F3 ya karanta darajar hasken dandamalinsa da idonsa maimakon zato. Daga nan lokaci da kansa yana ba da shaida. Gonar da ke aiki da rana ta mutu da dare, filin da ke kewaye da ita ne ba a haskaka ba, dare ya mai da shi duka wurin ɓullowa. Gonar da ke farawa da ƙarfi ta yi sanyi bayan ɗan lokaci, kogwanni ne suka cika suka cinye adadi. Akwai kuma gwajin da ke yanke gardama ga mai wasa a duniyarsa shi kaɗai: ya mai da wasan matakin lumana na ɗan lokaci, wanda ke share dodannin duka, sa'an nan ya dawo da shi, in gonar ta fara zubo da kaya, daga baya ta ragu, to, shari'a ta ƙare, ginin ba shi da laifi, kuma da ya rushe shi da ya hukunta wanda bai ji ba bai gani ba.

Hukuncina dai shi ne, a wajen gini masu taƙlidi ke da gaskiya, mai koyo ya bi tsari bulo da bulo kada ya yi masa ado, da sharaɗin ya tabbatar tsarin na nau'in wasansa ne, kuma na bugun da ke hannunsa. Gonar keji ma ko ta lalace, komawa ga tsari ya ishe ta. Amma gonar ɗaki mai duhu in ta ƙi, rinjaye yana ga masu bincike, domin rushewa a sake magani ne na cuta ɗaya daga cikin cututtuka da yawa, kuma shi ne mafi tsada a cikinsu. Saboda haka, ya kai mai karatu, in taka ta ƙi, ajiye diga tukuna: duba shekarar bidiyon da ka bi da nau'in wasan da aka ɗauke shi a kai, auna nisan wurin tsayawarka, jarraba gonar da rana ka jarraba ta da dare, kuma kada ka sauya abu biyu a gwaji ɗaya.